Wa Ya Yi Musu Jere?

Da Goggo ta zo Florida taya ni zaman jego, sai da muka yi arba'in kafin ta yarda ta leƙa ko'ina in ban da asibiti. Ranar da za mu fita, maigidan ya ce a kai ta ta ga otal ɗin Disney mai siffar Afirka, wanda suke kira Animal Kingdom Lodge, a gefen Orlando. Ba kwana muka je yi ba, kuɗin ɗakin ya fi ƙarfin aljihunmu. Teburin abincin dare muka kama, shi ya ba mu damar shiga mu zaga.

Muna wuce ƙofa ta tsaya cak. Ta ɗaga kai ta kalli rufin, ta duba hagu da dama, ta shaƙi iska sau biyu, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya yi musu jere?"

A lokacin dariya na yi. Sai daga baya na ga tambayar tata ta kama bakin zaren.

Duk wadda ta taɓa zuwa jeren amarya ta san yawan kaya ba ya gyara ɗaki. Amare biyu za su sayi gado iri ɗaya, labule daga layi ɗaya a Kantin Kwari, kwanuka daga hannun ɗan kasuwa ɗaya, amma ɗakin wannan kana shiga ka ji kana son zama, na waccan kuwa kamar ka faɗa shago. Bambancin yana hannun matar nan da ke tsayawa a tsakar ɗaki da ɗankwali a ɗaure a ƙugu tana cewa, "Wannan a matsar da shi, wancan a fitar da shi gaba ɗaya." A danginmu Goggo ce wannan matar. A nawa jeren, agogon bango mai ruwan zinariya da wata ƙawar Mama ta kawo gudummawa, ta sa aka mayar da shi kwali, wai yana faɗa da labule. An yi gutsiri tsoma, ko gezau ba ta yi ba.

Ni a ganina irin wannan matar ce sirrin otal-otal ɗin wuraren shaƙatawa irin na Disney. Mutane suna zaton hoton ɓeran nan Mickey ne ke sa ka san inda kake. A wannan falon sai ka wahala kafin ka gan shi. An ɓoye shi a cikin sassaƙa da zane, da'ira uku ƙanana, yara suna bi suna nema kamar wasan ɓuya. Abin da ke kama mutum shi ne an zaɓi labari guda, an kuma hana duk abin da ba na labarin ba shigowa, komai tsadarsa.

Tun daga hanya aka fara. Titin a karkace yake, bishiyoyi sun tare ginin, ba ka ganin girmansa sai ka zo dab da shi. Ka baro ranar Florida mai kashe ido, ka bi ta ƙofa mai inuwa, sai kawai falo ya buɗe a gabanka, tsayinsa benaye da yawa, rufinsa mai kamar jinka, ginshiƙai na katako mai duhu, fitilu an yi su da siffar garkuwar ƙabilar Masai ta Gabashin Afirka. Da gangan aka rage hasken, don idonka ya tafi can ƙarshen falon inda wata ƙatuwar taga ta gilashi ke kallon fili. Na san wannan dabarar tun ina yarinya, ban dai taɓa ɗaukarta dabara ba. Haka gidan kakanmu yake a cikin birni: ka fito daga rana ka shiga duhun zaure mai sanyi, ka karkata ka bi soro na biyu, sannan tsakar gida ta buɗe da haskenta da hayaniyarta.

Ƙamshin da Goggo ta shaƙa kuwa hayaƙin itace ne da kayan yaji. Gidajen abincin otal ɗin, Boma da Jiko, suna ƙasan falon, kuma da itace suke gashi. Kamfanin ya daɗe da sanin aikin hanci, har na'urar feso ƙamshi yake da ita a wasu wuraren wasanninsa. Mu da muka tashi da kaskon turaren wuta ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ka shiga gidan 'yar Maiduguri ido a rufe, ai ka san inda kake.

Bayan tagar da gefunan otal ɗin akwai dabbobi sama da 200, iri fiye da 30, suna kiwo a filayen da ginin mai siffar kofaton doki ke kallo: raƙuman dawa, jakunan dawa, jiminu, gauraki, har da shanun Ankole masu manyan ƙahoni. Goggo ta daɗe tana kallon shanun, ta ce, "Ikon Allah. Yau ga inda ake biyan kuɗi a kalli saniya." Abin da ni na lura da shi shi ne ban ga waya ko shinge ba. Suna nan, amma an lulluɓe su da tsirrai da duwatsu da kwari. A wurin shaƙatawar da ke maƙwabtaka da otal ɗin, wanda aka buɗe a 1998, abin ya wuce haka: itatuwan kukar da ake gani a hanyar kallon dabbobi na siminti ne, haka ma surin gara. Kuka ta siminti! Da na gaya wa Goggo sai ta tambaya ko ganyenta na yin miya.

An buɗe otal ɗin a 2001, kuma wanda ya zana shi, Peter Dominick, shi ya zana musu otal ɗin Wilderness Lodge na 1994, wanda aka kwaikwayo daga tsofaffin masaukan gandun dajin yammacin Amurka irin na Yellowstone. Na taɓa shiga wancan ɗin ma. Falo mai tsayi, katako, murhun wuta, haske kaɗan, taga mai jan ido waje. Ƙashin bayan ɗaya ne, riga kawai aka canza. Tun otal-otal ɗinsu biyu na farko a Florida a 1971 haka suke yi: Polynesian da shigar tsibiran tekun Pasifik, Contemporary kuma da jirgin nan mai tafiya kan dogo ɗaya yana ratsa tsakiyar ginin. Labaran daban-daban, hannun mai jeren ne ba ya canzawa, kuma shi mutane ke ganewa su ce wannan na Disney ne.

Ma'aikatan ma cikin jeren suke. Kamfanin yana kiransu 'yan wasa, duk inda baƙo zai iya gani sunansa dandali, sauran kuma bayan fage. Tufafinsu na wurin ne, kowa da sunansa da garinsu a ƙirji. Suna kawo matasa daga ƙasashen Afirka su yi aiki na wani lokaci suna hira da baƙi. Wata yarinya 'yar Botsuwana ce ta tsaya mana a bakin filin dabbobin. Da ta ga Goggo sai ta ɗan rusuna kafin ta yi magana. Goggo ta ce, "Tambaye ta iyayenta suna lafiya? Ta yi nisa da gida." Na fassara, yarinyar ta dafa ƙirji. A duk daren, nan ne kaɗai na ji abin da ba a tsara shi a takarda ba.

Don kada a ce an saye ni da abincin dare ɗaya, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Afirkar da ke cikin ginin nan dafa-duka ce. Sunayen yawanci Suwahili ne: Jambo, Jiko, Kidani. Garkuwoyi na Masai. Wurin shan abin sha an sa masa sunan gangaren ruwan Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Murhun falon an kira shi da sunan Ogun, abin bautar gargajiya na Yarabawa. A gefe guda ga dodon Ijele na Inyamurai, tsayinsa ƙafa 16, na gaske, daga Nijeriya aka kawo shi. Kowanne da kyansa, amma an zuba su tukunya ɗaya kamar ƙauye guda ne daga Legas zuwa Nairobi. Ba'amurke zai fita yana jin ya je Afirka, Afirkar dabbobi da ganga da faɗuwar rana, wadda babu kasuwa a cikinta, babu makarantar allo, babu cunkoson a-daidaita-sahu. Na zaga ban ci karo da abin da ya ce mini Kano ko Damagaram ba. Duk da haka ba zan ƙi gaskiya ba: ƙaryar tasu a jere take tsaf.

Mu kuma gaskiyar tamu a warwatse. Zuwana gida na ƙarshe na kwana a wani otal a ɗaya daga manyan biranenmu na Arewa, sabo fil, an kashe masa kuɗi ba na wasa ba. Tayil mai sheƙi har bango, silin mai hawa uku da fitilu shuɗi da ja, ƙatuwar fitilar lu'ulu'u a falo, talabijin na ta ihun ƙwallon Turai ba mai kallo. Sunan otal ɗin na wani birnin Turawa ne. Ƙamshin kuwa na gwangwanin fesawa ne mai warin lemo, a ƙarƙashinsa ana jin gas ɗin janareta. Bokiti da tsumman goge ƙasa suna jingine a bakin matakala tun safe har dare. Kowane abu shi kaɗai mai tsada ne. An dai rasa wanda zai ce a fitar da agogon.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kayan jeren muna da su, kuma namu ba na siminti ba ne. Muna da soro da zankwaye, da rufin azara, da daurin guga irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Masallacin laka na Yaama a jihar Tawa ta Nijar, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Muna da shuni na marinar Ƙofar Mata, da fatun dukawa, da faifai da tabarmi da ƙoren da aka yi wa zane. A Yankari akwai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa suna yawo a gonakin mutane ba tare da an ɗauko su a jirgi ba. Kuma ba mu jahilci tsara wuri ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Sallah, ga dogarai cikin ja da kore, ga kakaki da algaita, ga ƙura da warin dawakai, ya san babu wani kamfani da zai koya mana yadda ake sa mutum ya ji ya shigo wani wuri.

Na san abin da masu otal za su ce: wuta, man janareta, da baƙon da in ya ga bangon ƙasa zai ce an raina masa hankali, shi da ya baro ƙauye don ya kwana a kan tayil. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma shi ya fi wuyar magani. Amma zaure ba ya cin lantarki, sanyi ma yake kawowa. Kaskon turare garwashi uku ne. Ɓoye bokiti kuwa kyauta ne. Abin da ke da wuya shi ne Alhaji mai ginin ya ba wani wuƙa da nama, ya kuma haƙura in an ce fitilar da ya ɗauko daga Dubai ba za ta shiga ba. Sannan a ci gaba da kula da wurin bayan an yanke kyalle an watse. Otal ɗin Disney ɗin can ya haura shekara 20, ban ga ƙwan fitila ɗaya a mace ba.

A Boma mun tsaya kan kifi da ganye da kayan zaƙi. Goggo ta ɗanɗana miyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba laifi amma da sauran daddawa. A mota tana ta shinshina mayafinta, hayaƙin itacen ya kama shi.

Muna isa gida ta buɗe akwatinta ta ciro kwalbar turaren wuta da ta zo da ita, ta ce falona warin kwali yake yi, ba a san gidan mai jego ba ne. Ta hura gawayi a baranda, ta shigo da kasko ta ajiye a tsakiyar kafet. Ko minti biyu ba a yi ba na'urar gano hayaƙi ta ɗauki kuka, jaririya ta taya ta, maigidan ya hau kujera da tawul yana fifita silin. Goggo na zaune ba ta motsa ba. Ta ce, "Ku cire wancan abin. Ba ya cikin jeren."