Wa ya ba ɓarawo cikakken sunan mahaifiyata?

Ranar Larabar da ta wuce, bayan la'asar, ina shago a Kantin Kwari ina yankar wa wani baƙo daga Maraɗi shadda, sai ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai in zo gida yanzu, an kwashe kuɗin Inna. Naira dubu 340. Ba ma nata ba ne, kuɗin adashen matan layinsu ne da take riƙewa shekara da shekaru saboda an yarda da ita. Kafin in samu adaidaita sahu in isa Gwammaja, kuɗin sun fita kashi uku, saƙonnin banki na nan jere a ƙaramar wayarta, ita kuma tana zaune bakin gado ta kasa ko ɗaga kai ta dube ni.

Wani ne ya kira ta. Bahaushe ne, babu gargada a bakinsa. Ya yi sallama, ya ce "Hajiya, barka da yamma, ya iyali?" Sannan ya ambaci cikakken sunanta da na mahaifinta, ya faɗi ranar haihuwar da aka rubuta mata a takarda, ya faɗi bankinta, ya karanto mata lambobin farko na NIN ɗinta, wato lambarta ta ɗan ƙasa. Ya ce an samu saɓani a bayananta, idan ba a gyara kafin magariba ba za a rufe layinta da asusunta gaba ɗaya. Gyaran kuma mai sauƙi ne: ta karanto masa lambobin jikin katinta na cirar kuɗi, da wata lamba da za ta shigo mata yanzu. Ta karanta.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini shi a fuska: ai laifinta ne, don me za ta bayar? Wannan maganar ce take tafasa mini zuciya fiye da kuɗin. Tsohuwar nan ba wauta ta yi ba. Shekara huɗu ana koya mata darasi ɗaya, cewa layi abu ne da ake rufewa ba sallama, kuma duk wanda ya ce kawo lamba kaza to ka kawo, in ba haka ba ka kwana a layi. Sau biyu ana rufe mata waya a kan wannan kalmar ta "saɓani". Da ɓarawo ya zo da irin kalmar, da irin barazanar, riƙe da bayanan da ita ta san hukuma da banki kaɗai ta ba, ta yaya za ta bambance shi da ma'aikaci?

A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, aka ba da mako biyu, ana tsakiyar korona ana cewa a guji cunkoso. Aka yi ta ƙara wa'adi. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya. Layin Inna yana ciki. Na rufe shago na kai ta wata cibiyar rajista, muka isa bayan sallar asuba muka tarar an riga an rubuta suna har tamanin da wani abu a jikin kwali. Da layi ya zo kanta, na'urar ta ƙi ɗaukar yatsunta. Mace ce da ta yi shekara hamsin tana daka da wanki da tuƙin tuwo, zanen yatsun ya shafe, ga kuma lalle. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce, "Mama, ki je sai lallen ya fita ki dawo." Muka dawo bayan mako uku. Ranar ma sai aka ce babu sabis.

Na biyu kuwa ƙarshen Yulin 2024 ne, kwana kaɗan kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta. Mutane suka wayi gari layukansu a rufe, ofisoshin kamfanonin waya suka cika maƙil, sai da NCC, hukumar kula da harkar sadarwa, ta ba da umarni a buɗe. Aka buɗe, aka sa wa'adin ƙarshe 14 ga Satumba. Na Inna ya sake mutuwa. Dalili? A rajistar layi an rubuta Hauwa, a takardar ɗan ƙasa Hauwa'u, a banki kuma wanda ya cike mata fom ya bar alamar nan ta sama ya rubuta Hauwau. Sunan mahaifinta wani wuri Muhammadu, wani wuri Mohammed. Duk Bahaushe ya san mutum ɗaya ne. Amma an kawo mana manhajar da ba ta san sunayenmu ba, ba ta san mace na iya amfani da sunan uba a wata takarda da sunan miji a wata ba, ba ta san da yawa daga tsofaffinmu 1 ga Janairu aka rubuta musu don babu wanda ya ajiye ranar ba. Kuskuren marubuci ne, amma mu muka biya kuɗin takardar rantsuwa a kotu, mu muka biya kuɗin gyara, mu muka yi asarar ciniki. An bar jaki ana dukan taiki.

To a cikin wannan zirga-zirgar, takardunta hannu nawa suka bi? Daren jiya na zauna na lissafa, na samu wurare goma sha ɗaya. Mai shagon fotokwafi da ya ajiye kwafin da bai fito sosai ba a kwandon shara. Wakilin rajista na bakin titi mai lema da tebur, wanda ya ɗauki hoton takardar da wayarsa ta kansa ya ce zai tura "idan sabis ya dawo". Mai buga takardar rantsuwa a bakin kotu. Mai POS na unguwa. Wani da ya ce a turo masa ta WhatsApp. Babu ko ɗaya da ya ba mu shaidar ya karɓa, babu wanda ya ce zai goge. Ba mu muka zaɓi mu yi yawo da sirrinmu a leda ba. Tsarin ne ya ce sai an yi, bai kuma tanadi isassun wuraren yi ba, sai 'yan tsakiya suka cike gurbin.

Kuma ba a ƙasa kaɗai ɓarakar take ba. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin jama'a a intanet, ta fito ta ce akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, NIN da BVN (lambar tantance masu asusun banki) da sauransu, har a kan naira 100. Hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa ta ce ba a kutsa rumbunta ba. To ko ta wace ƙofa ya fita, kayan dai sun kai kasuwa. Naira 100 yau ba ta kai ka daga Kofar Mata zuwa Bata a adaidaita. Abin da muka yi asuba uku muna bin layi don mu miƙa, farashinsa ke nan a hannun wanda ya ga dama.

Washegarin satar na je banki da Inna. Mun zauna awa uku. Budurwar da ke teburin ƙorafi, sa'ar jikarta, ko kallonta ba ta yi ba ta ce, "Ai ku kuka ba da lambar da kanku." Na ce, ranki ya daɗe, na ji, amma kuɗin ai wani asusu suka shiga, asusun kuma da BVN aka buɗe shi, BVN kuma da yatsa da fuska ake yinsa tun 2014. Layin da ya kira ta ma dole da NIN aka yi masa rajista, tunda ba a barin layi ya yi aiki sai da shi. To ga suna, ga fuska, ga yatsa, me ya rage? Ta ce in kawo takardar 'yan sanda da umarnin kotu, sannan za su rubuta wa wancan bankin, sannan a jira. Kuɗi sun fita cikin minti huɗu, amma neman sawunsu sai an yi makonni. Kafin takarda ta bar wannan tebur ta isa wancan, an cire su a POS an shiga gari.

Nan ne nake son waɗanda suka kawo tsarin su ba mu amsa. Da aka ce mu haɗa layi da NIN, tsaro aka ce mana. Aka ce daga yanzu duk wanda ya yi laifi da waya za a san shi. Muka yarda, domin mu ne ake sace wa 'yan uwa a hanyar Birnin Gwari da dazukan Zamfara da Katsina. Yau shekara nawa? Masu garkuwa da mutane da waya suke cinikin kuɗin fansa, su kira yau su kira gobe su saka wanda suka kama ya yi kuka a ji. 'Yan damfara da waya suke cin abinci. Wanda aka iya rufe wa layi cikin dare ɗaya ita ce tsohuwar da aka manta wa alama ɗaya a suna. Kuma kada a ce mini babu iko. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An kashe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya a Satumban 2021. Idan hukuma ta so abu, umarni ɗaya take bayarwa kamfanoni su bi. Kare talaka daga ɓarawon waya ne ba a taɓa so da irin wannan zafin ba.

Doka ma akwai. A watan Yunin 2023 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma, NDPC. Dokar ta ce kana da haƙƙin sanin abin da aka tara a kanka, a gyara idan kuskure ne, a goge idan babu dalilin riƙe shi, kuma wanda bayanan mutane suka zube daga hannunsa ya sanar da hukuma cikin awa 72. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Ke nan dokokin nan suna da haƙori idan an so a yi cizo. Amma ku shiga Kwari ko Singa ko Kurmi ku tambayi mutum ɗari, a samo biyar da suka san da ita. Rediyo ya cika Kano, tun asuba har tsakar dare ana siyasa da tallan magani. Lokacin da ake son mu yi rajista, kowace tasha sanarwa take yi da Hausa. Sanarwar haƙƙinmu fa, da inda za mu kai ƙara, ina take?

Dubi yadda muke sayen waya ma. Ka je Farm Centre ko Beirut ka sayi waya, yaron shago ne zai buɗe maka imel, shi zai zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayarka ce ko shekarar haihuwarka, ya rubuta maka a bayan rasit. Ya loda maka manhajoji, kowace ta fito da tambaya da Turanci: a ba ta lambobin mutanenka, a ba ta hotunanka, a ba ta inda kake. Ya danna "na yarda" a madadinka don ya sallame ka ya kama wani. Ban ga laifin yaran ba, neman halal suke, kuma ba don su ba da yawanmu ba za mu iya kunna wayar ba. Laifin na masu ƙera manhajar ne da suka san miliyoyin masu amfani da ita ba sa karanta yaren, suka mayar da rashin karatun tamkar amincewa. Ta wannan ƙofar manhajojin bashi suka shigo. Maƙwabcina a kasuwa ya ci bashin dubu 20 ya yi jinkirin kwana biyar, aka tura wa surukinsa da limamin masallacinsu saƙo cewa ɓarawo ne. Mutumin ya yi wata bai zo sallar jam'i ba. Sai a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane, bayan an gama zubar da mutuncin bayin Allah.

Ga 'yan siyasa su ma sun gano hanyar. Ana dosar zaɓe za ka ga matasa da takardu gida-gida, a kawo NIN, a kawo lambar asusu, a kawo lambar katin zaɓe, za a raba tallafi. Matan unguwarmu sun cike irin wannan ya fi sau nawa, Inna ma ta cike, ban hana ta ba domin yunwa gaskiya ce. Tallafin bai zo ba. Takardun kuma babu wanda ya dawo da su. Sai dai saƙon "ku zaɓi wane" ya riƙa shigowa wayar da ba ka taɓa ba shi lambarta ba. A kan haka kuma a Janairun 2025 aka amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mu ke biya, mu ke bin layi, mu ake sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Matan adashe sun zo jiya da daddare. Wadda kwasarta ce wannan watan aurar da 'yarta za ta yi bayan mako biyu, ta riga ta ba kafinta rabin kuɗin gado. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, "Yaya, Allah ya mayar da alheri," kuma wannan ya fi zagi yi wa Inna ciwo. Ni da ƙannena mun haɗa dubu 200, sauran na ce a ba ni zuwa ƙarshen wata. Inna ta cire batirin wayar ta ɗaure su a ƙyalle ta tura ƙarƙashin katifa, ta ce kada a ƙara kawo mata ita. Ƙaninta da ke jinya a Zariya ya yi ta nemanta bai samu ba, sai ni ya kira yana tambaya ko lafiya. Ranar Litinin zan sake rufe shago in je neman takardar 'yan sanda, kuma an riga an gaya mini in taho da kwafin NIN ɗinta guda biyu.