An toshe yoyon gas, an bar mini injin yana iyo a cikin mai

Yau kwana tara ina shaƙar warin gas, wato man dizal, a cikin motata, kuma wallahi raina a ɓace yake. Yoyon kansa bai dame ni ba. Mota ƙarfe ce da roba, dole wata rana wani abu ya tsufa. Siririn tiyon nan da ke mayar da rarar mai daga nozul (bakin da ke fesa mai cikin injin) ne ya bushe ya dare, ya yi ta tsiyayar da man dizal a kan injin har ya taru a lungunan da ke tsakanin nozul ɗin. Bakanike ya canza shi cikin rabin awa, ya rufe bonet, ya miƙo mini makulli.

Na ce, "Malam, man da ya zube fa?"

Ya ce, "Yallaɓai, ai gas ne, ba fetur ba. Zafin injin zai busar da shi."

Wannan maganar ce ta fi komai ƙona mini rai, domin ba gaskiya ba ce, kuma mai sana'a ne ya faɗe ta. Fetur ne ke bin iska cikin mintuna. Dizal mai ne mai maiƙo, kwanciya yake yi, ya janyo ƙura ya zama baƙin kwaɓi. Na yarda ba ya saurin kama wuta, sai zafinsa ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama idan ya gamu da tartsatsi. To amma ina ne a jikin injin da ke aiki bai kai wannan zafin ba? Ruwan lagireto ma kusan digiri 90 yake zama. Tarbo da bakin salansa kuwa ɗaruruwan digiri suke kaiwa, kuma dizal ɗin da ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi haka yana iya kamawa ba tare da ashana ba. Ko an bar batun gobara, akwai roba. Tiyon ruwa da fanbel ba don zama cikin mai aka yi su ba, idan suka jiƙa sai su kumbura su yi laushi. Ga kuma iskar da ke shigowa cikin mota, ta ƙasan gilashin gaba take bi, dab da bonet. Duk warin nan ni da yarana muke zuƙa, ƙaramarsu har amai ta yi a hanya.

Washegari na koma na ce sai an wanke. Nan aka yi mini gyaran gangar Auzinawa. Injin da zafinsa, ko minti biyar bai yi da kashewa ba, yaron gareji ya jawo famfon wanki mai ƙarfi ya sakar masa ruwan sanyi. Bai cire kan batir ba. Bai rufe altaneta ba, bai rufe akwatin fis ba, ko leda ɗaya bai ɗaura wa soket ba. Ina magana, ƙarar famfo ta danne muryata, maigidansa kuma yana gefe yana waya. Ruwa zalla, babu ko sabulu! Yaushe ruwa ya taɓa narkar da mai? Fantsama shi kawai ya yi. Man da ke wuri guda ya watsu ya hau kan fanbel, ya jiƙa soson da ke manne a ƙarƙashin bonet, sauran ya gangara ƙasa ya bi kwata, wani ya malala bakin titi yana ƙyalli. Mai babur da zai taka wurin nan ya zame, wa zai ɗauki alhakinsa?

Da safe mota ta tashi da kyar, fitilar gargaɗi ta kunnu, fanbel yana ƙugi kamar ana yanka shi. Na kira bakaniken a waya, sai cewa ya yi dama motar ta tsufa. Motar da ta kawo kanta garejinka lafiya lau!

Ƙarshenta ni da ƙanena muka yi aikin da na biya kuɗi a yi mini. Muka bari injin ya huce sarai, muka cire kan batir na baƙar waya, muka tsane man da ya taru da tsumma, lungu-lungu, kafin ruwa ya taɓa ko'ina. Muka naɗe altaneta da soket-soket da leda, muka baza garin katako a ƙasa don ya shanye abin da zai ɗiga. Sai maganin cire maiƙo da buroshi, a bar shi ya jiƙa, a goge, a ɗauraye da ruwa kaɗan a hankali. Sau uku muka maimaita. Soket huɗu muka buɗe muka tarar da ruwa kwance a ciki, ruwan famfon nan nasu. Awa uku aikin ya ci, kuma babu wani abu a cikinsa da ya fi ƙarfin ilimin bakanike. Ƙyuya ce kawai da raina mai mota.

Fanbel dole na sayi sabo. Soson bonet na ciro na yar, don ya sha man da ba zai fita ba. Tiyon ruwa ɗaya ya kumbura har yatsa na nutsewa a jikinsa, kuma har yanzu in na kunna iska warin na tasowa. Na ajiye tiyon da tsohon fanbel ɗin a cikin leda. Gobe da sassafe zan kai wa bakaniken su, in ajiye a gabansa a gaban yaransa, ya sake gaya mini cewa gas yana bushewa da kansa.