A bar gasar Firimiya a gidanta, ko da da sunanmu ake son fitar da ita

Duk lokacin da maganar kai wasannin gasar Firimiya ta Ingila wata ƙasa ta taso, hujjar farko da masu son hakan suke kawowa ita ce mu, wato ɗimbin magoya bayan da ke wajen Ingila, waɗanda suke cika gidajen kallo a Kano da Zariya da Maraɗi da Kumasi, ko suke raba dare a gaban talabijin a Asiya da Amurka. Suna cewa tun da ƙungiyoyin nan sun zama na duniya, adalci ne a kai wa duniya wasan har gida. Ina cikin waɗanda ake kafa hujja da su, domin na daɗe ina bin gasar nan daga nesa, kuma matsayina shi ne ban yarda ba. Ina tare da magoya bayan Ingila da suke adawa da shirin, kuma ina ganin mu ma muna da dalilanmu na ƙin sa, ba kara kawai muke yi musu ba.

Maganar ba sabuwa ba ce. A watan Fabrairun 2008, shugaban gudanarwar gasar na lokacin, Richard Scudamore, ya fito da shawarar a ƙara zagaye guda a kan wasanni 38 da kowace ƙungiya take bugawa a kaka, a buga wannan wasa na 39 a manyan biranen duniya. Magoya baya suka yi caa a kansa, shugaban FIFA na wancan zamani Sepp Blatter ya soki shirin a fili, aka naɗe tabarmar maganar. Sai dai ba ta mutu ba, Sifaniya ce ta ɗauke ta. A 2018 hukumar La Liga ta ƙulla yarjejeniyar shekara 15 da kamfanin Relevent na Amurka, aka shirya kai wasan Girona da Barcelona birnin Miami, abin ya ci tura. Kamfanin ya maka FIFA a kotun Amurka a kan hana buga wasan lig a wata ƙasa, suka yi sulhu a 2024, FIFA ta amince za ta sake duba dokokinta. Daga nan ƙofa ta buɗe. A watan Oktoban 2025 hukumar UEFA ta ba da izini, tana mai cewa ba da son ranta ba, a buga wasan Villarreal da Barcelona a Miami, a kuma buga na AC Milan da Como a birnin Perth na Ostareliya. 'Yan wasan Sifaniya suka nuna rashin amincewarsu ta hanyar tsayawa cak na daƙiƙa 15 bayan an busa usur ɗin fara wasa, kuma a ƙarshe duka wasannin biyu aka fasa su. Shugabannin Firimiya na yanzu suna cewa babu wannan shiri a gabansu, amma kusan rabin ƙungiyoyin gasar suna hannun masu zuba jari daga Amurka, kuma shugaban Liverpool Tom Werner ya faɗa a 2024 cewa yana da burin ganin an buga wasan Firimiya a New York. Wanda ya ɗauka maganar ta wuce bai karanci yadda masu kuɗi suke da haƙuri ba.

Dalilina na farko ya shafi adalcin gasar kanta. Tsarin lig ya tsaya ne a kan ƙa'ida guda mai sauƙi, wato kowace ƙungiya ta karɓi baƙuncin sauran 19 a gidanta, ita ma ta je gidan kowacce. Wannan daidaito shi ne ya sa idan kaka ta ƙare ba a gardama a kan wanda ya fi maki. To idan aka cire wasa ɗaya aka kai Miami ko Riyad, ƙungiya ɗaya ta yi asarar wasan gida, abokiyar karawarta kuma ta tsira daga tafiya mai wuya wadda duk abokan takararta sai sun yi. Kuma a lura da irin wasan da ake zaɓa: sau da yawa ƙaramar ƙungiya ce take sayar da wasanta na gida, babba kuma ta je ta tarar filin cike da masu sanye da rigarta. Da an buga wasan Miami, Villarreal ce mai masauki a takarda, amma kowa ya san waɗanda za su cika filin 'yan Barcelona ne.

Wani zai ce ai wasa ɗaya ne cikin 380. A gasar Firimiya wasa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A 2012 Manchester City ta ɗauki kofi ne da bambancin ƙwallaye, makinta ɗaya da na Manchester United. A 2019 City ta gama da maki 98, Liverpool da 97. A 2022 aka sake maimaitawa, 93 da 92. A ƙasan tebur kuwa, maki guda yana iya raba ƙungiya da kuɗin talabijin na miliyoyin fam, ya jefa ta rukuni na biyu inda wasu suke shafe shekaru ba su dawo ba. Wanda kuma yake shakkar tasirin 'yan kallo na gida, ya tuna kakar 2020 zuwa 2021 da annobar korona ta sa aka rufe filaye. A kakar nan nasarorin da baƙi suka samu sun fi na masu masauki yawa, kuma Liverpool, wadda ta yi wasa 68 a jere a Anfield ba a doke ta a lig ba, ta sha kashi sau shida a jere a filin nan da babu kowa a cikinsa. Ciyawar ba ta sauya ba, faɗin raga bai sauya ba, mutanen garin ne kawai ba sa nan.

Mu a nan ba ma bukatar Bature ya yi mana bayanin wannan. Mutumin Kano ya san yadda filin wasa na Sani Abacha yake cika tun kafin la'asar idan Kano Pillars za ta buga, ya kuma san yadda ƙungiyar take zama kamar marainiya duk lokacin da aka mayar da wasanninta na gida Kaduna ko wani garin. Mutumin Maiduguri ya san shekarun da matsalar tsaro ta tilasta wa El-Kanemi Warriors yin wasanninta na gida a wasu jihohi. A wurinmu raba ƙungiya da filinta ko dai hukunci ne da hukumar gasa take yankewa bayan an yi rikici, ko kuma larura ce da ba yadda za a yi da ita. Ina mamakin yadda abin da muka sani a matsayin horo, idan aka ce Arsenal ko Chelsea za a yi wa, sai wasunmu su kira shi ci gaba.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafi abin da muke kallo tun asali. Ƙwarewar 'yan wasa kaɗai ba ita ce ta sa gasar nan ta fi sauran farin jini ba, akwai ƙwararru a Sifaniya da Italiya da Jamus. Abin da yake fitowa daga akwatin talabijin ya kama zuciyar mai kallo a Sabon Gari shi ne amon filin: waƙar da ake rerawa a Anfield kafin a take ƙwallo, ihun mutanen Newcastle a St James' Park, ƙiyayyar maƙwabtaka tsakanin Arsenal da Tottenham wadda ta samo asali tun 1913 lokacin da Arsenal ta ƙaura daga kudancin Landan zuwa arewaci. Waɗannan mutane ba 'yan amshin shata ba ne da aka ɗauko domin su ƙawata hoto. Da yawansu kujerar da suke zaune a kai gadonta suka yi, kakanninsu ma'aikatan masana'anta da tashar jiragen ruwa su ne suka kafa ƙungiyoyin fiye da shekara ɗari da suka wuce. Su ne suke hawa jirgin ƙasa cikin sanyin Disamba su bi ƙungiyarsu wani gari a daren Litinin saboda gidan talabijin ya sauya lokacin wasa domin jin daɗin masu kallo irinmu. Idan aka ɗauke wasan daga gabansu, abin da za a kai wa mai kallo na waje wasan sada zumunta ne da aka liƙa wa maki uku.

Kuma sun nuna ba sa zama a taka su. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga fili a minti na 77 na wasansu da Sunderland domin ƙin amincewa da tikitin fam 77, masu ƙungiyar suka janye ƙarin suka ba da haƙuri. A shekarar ne aka ƙayyade cewa tikitin baƙi a gasar ba zai wuce fam 30 ba. A Afrilun 2021 ƙungiyoyin Ingila shida suka shiga shirin Super League, wato sabuwar gasar da wasu manyan ƙungiyoyin Turai suka so su ɓalle su kafa, cikin kwana biyu zanga-zangar magoya baya ta rusa shi, har bayan nan aka ɗage wasan Manchester United da Liverpool saboda masu zanga-zanga sun kutsa Old Trafford. Tun kafin wannan duka akwai labarin Wimbledon, wadda aka ɗauke daga unguwarta aka kai Milton Keynes a 2003. Magoya bayanta suka ƙi bin ta, suka kafa tasu ƙungiyar daga ƙasan ƙasa, suka hau da ita mataki-mataki har ta dawo cikin ƙungiyoyin ƙwararru. Ina girmama waɗannan mutane, kuma ina ganin duk mai son ƙwallo a ko'ina yake ya ci moriyar taurin kansu.

Yanzu bari mu zo ga alkawarin da ake yi mana, cewa za a kawo wasan kusa da mu. Wa ya ce wurinmu za a kawo shi? A dubi inda ake ambata: Miami, New York, Perth, Riyad, Jidda. Kofin Super Cup na Sifaniya tun 2020 aka fara kai shi Saudiyya, kuma ba yawan masoya aka ƙirga ba, kuɗin da aka ajiye aka ƙirga. Tashar NBC ta Amurka tana biyan sama da dala biliyan biyu domin nuna gasar Firimiya na shekara shida, kuma kuɗin da gasar take samu daga ƙasashen waje ya riga ya zarce wanda take samu a cikin gida. Wasa zai bi kuɗin nan ne, ba zai bi soyayyar mai sayar da shayi da ya liƙa hoton Saka a jikin teburinsa ba. Ga matashin Gusau ko Damagaram, Miami ba ta fi Manchester kusa ba, bizarta ma ta fi wuya, kuma idan aka daidaita lokacin wasan da agogon Amurka, sai ya zamana tsakar dare zai kalla abin da a da yake kallo da yamma.

Ko da an kawo shi Afirka, mun taɓa ganin samfuri. A watan Yulin 2008 Manchester United da Portsmouth sun yi wasan sada zumunta a babban filin wasa na Abuja, lokacin Nwankwo Kanu yana Portsmouth kuma sun ɗauki kofin FA a shekarar, har Portsmouth ta kara da Kano Pillars a wannan ziyarar. United tana riƙe da kofin Zakarun Turai a lokacin, amma filin bai cika ba, domin kuɗin tikitin ya fi ƙarfin ainihin masoyan, waɗanda suka tsaya a waje. Haka zai kasance a duk inda aka kai wasan lig: masu hali da baƙin kamfanoni a ciki, talaka mai haddace sunayen 'yan benci a bakin ƙofa.

Na san hujjar da ake kawowa ta ƙwallon Amurka, wanda wasa ne daban da ƙwallon ƙafa, cewa gasarsu ta NFL tana kai wasanninta Landan tun 2007 kuma sama ba ta faɗo ba. Amma tsarin can daban ne, babu faɗuwa daga gasa, ƙungiyoyin ba sa haɗuwa da kowa gida da waje, kuma mai ƙungiya yana iya tattara ta ya sauya mata gari gaba ɗaya idan ya ga riba. Irin wannan tunani ne magoya bayan Ingila suke tsoron a shigo musu da shi ta ƙofar baya, wasa ɗaya bana, zagaye guda baɗi.

Ba ina cewa mai kallo na waje ba shi da haƙƙi ba ne. Muna biyan kuɗin kallo, muna sayen riguna, kuma 'ya'yanmu sun yi wa gasar nan hidima, daga Kanu da Okocha da Mikel har zuwa Ahmed Musa da Ndidi da Iwobi. Amma idan da gaske ana son saka mana, hanyoyin a fili suke. A sauƙaƙa kuɗin kallon wasa a ƙasashen da darajar kuɗinsu ta faɗi, domin mai gidan kallo da yake fama da kuɗin tasha da na man janareta ya samu sa'ida. A kawo wasannin share fagen kaka nahiyar nan kamar yadda ake kai su Amurka da Asiya, da tikitin da ɗan makaranta zai iya saya, maimakon irin alkawarin da Arsenal ta yi na zuwa Abuja a 2012 wanda aka ɗage. A zuba kuɗi a makarantun horar da yara da filayen unguwa. Duk waɗannan ba sa bukatar a ƙwace wa mai tikitin kaka a Brentford ɗaya daga cikin wasanninsa 19.

A 2025 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta domin sa ido a kan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila, dokar da ta samo asali daga binciken da aka yi bayan rikicin Super League, kuma ta wajabta wa ƙungiyoyi tuntuɓar magoya bayansu a kan abubuwa irin su tambari da launin riga da sauya filin wasa. Abin da nake fata shi ne wannan hukuma da FIFA su rubuta ƙarara cewa wasan lig ba ya barin ƙasarsa, domin alkawarin baki na shugaban gasa yana ƙarewa ne ranar da ya bar kujera, kuma a dokar Firimiya ƙuri'ar ƙungiyoyi 14 cikin 20 ta isa a sauya ƙa'ida. Ƙungiyoyin magoya bayan Arsenal da Chelsea da United da Liverpool da muke da su a garuruwanmu, musamman waɗanda uwayen ƙungiyoyin suka yi wa rajista, suna iya rubuta musu su ce ba mu nemi wannan ba kuma kada a sake yin amfani da sunanmu wajen tallata shi.