Jinya da hifnosis: inda take da amfani da inda take zama haɗari

A shekarar 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya naɗa kwamitin masana domin ya binciki da'awar wani likita Bajamushe mai suna Franz Anton Mesmer, wanda ya tare a birnin Faris tun 1778 yana jan hankalin masu kuɗi da talakawa. Mesmer yana cewa akwai wani ƙarfi mai kama da maganaɗisu da yake gudana a jikin ɗan Adam, toshewarsa ce take kawo cuta, kuma shi ya san yadda ake buɗe masa hanya. Cikin 'yan kwamitin akwai Benjamin Franklin, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, da Antoine Lavoisier, fitaccen masanin sinadarai. Sai suka rufe wa mutane ido suka gwada su. Wanda aka sa ya yi zaton ana yi masa aikin, alhali ba a yi, jikinsa yakan ɗauki rawa har ya faɗi. Wanda kuwa aka yi masa aikin bai sani ba, ko gezau. Kwamitin ya yanke hukunci cewa wannan ƙarfi babu shi, abin da yake motsa mutanen saƙar zuci ce kawai.

An ɗauki wannan hukunci a matsayin rufe magana, amma a ganina nan ne maganar ta fara. Idan har abin da zuciya ta sawwara zai iya sa jiki ya yi rawa, ya sa zafi ya ragu, ya sa bugun zuciya ya lafa, to tambayar da ta dace ita ce, wane ciwo wannan zai iya sauƙaƙawa, kuma wane ne ya fi ƙarfinsa? Jinyar da ake yi a yau da hifnosis, wato nutsar da hankalin mutum ta hanyar magana domin zuciyarsa ta karɓi abin da ake gaya masa, amsa ce ga wannan tambaya, kuma masu cewa sihiri ce da masu cewa damfara ce duk sun kauce hanya. Kayan aiki ce, kamar sirinjin allura, wanda darajarsa tana ga maganin da aka zuba a ciki da hannun da yake riƙe da shi.

Sunan ma kansa yana rikita mutane. James Braid, likitan tiyata ɗan Sikotland da yake aiki a Manchesta, shi ne ya yaɗa kalmar a littafin da ya fitar a 1843, kuma asalinta daga kalmar barci ce a harshen Girka. Daga baya shi da kansa ya fahimci cewa abin ba barci ba ne, ya nemi sauya sunan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda ake yi wa hifnosis idonsa biyu, yana jin abin da ake faɗa, kuma galibi yana tuna shi. Abin da yake faruwa shi ne hankalinsa yakan tattaru a wuri ɗaya har sauran abubuwan da suke kewaye da shi su dushe, kamar mai karatun da ya nutse har aka kira sunansa sau uku bai ji ba. Mai jinyar yakan fara da sa shi ya kwantar da numfashi, ya saki jikinsa, ya kafa tunaninsa a kan wani hoto ko wata murya. Daga nan sai ya shiga gaya masa kalaman da aka tsara domin matsalarsa, misali cewa hannunsa yana sanyi yana mutuwa, ko cewa yana shiga ɗakin jarrabawa ƙirjinsa a sake. A cikin wannan yanayi muryar nan ta ciki da take saurin cewa “ba zai yiwu ba” takan yi ƙasa, sai maganar ta samu wurin zama. Ba a ƙwace wa mutum ikon kansa, kuma wanda bai yarda ya ba da haɗin kai ba, babu abin da zai same shi.

Mutane ba su zama ɗaya a wannan ba. A 1959 André Weitzenhoffer da Ernest Hilgard na Jami'ar Stanford sun fito da ma'aunin da ake gwada yadda mutum yake karɓar hifnosis, kuma abin da aka yi ta gani shi ne kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 suna nutsewa sosai, kusan irin wannan adadi kuma ba ya tasiri a kansu, mafi yawa suna tsakiya. Wannan hali ba ya cika sauyawa a rayuwar baligi, domin an sake gwada wasu bayan shekara 25 aka tarar sakamakonsu bai yi nisa da na farko ba. Yara sun fi manya karɓa. Saboda haka duk mai jinyar da ya ɗauki alkawarin cewa aikinsa yana ci a kan kowa, tun daga nan ya kamata a fara shakkarsa.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen zafin ciwo da fargabar asibiti. Tun a shekarun 1840 James Esdaile ya yi ɗaruruwan tiyata a yankin Kalkata na Indiya da dabarar Mesmer, kafin zuwan maganin sa barci ya ture ta gefe. A zamaninmu, asibitin Jami'ar Liège a Beljiyam ya soma tun 1992 haɗa hifnosis da allurar kashe zafi ta wuri ɗaya da ɗan maganin kwantar da hankali a wasu ayyukan tiyata, har da na maƙoƙo, maimakon a sa mutum dogon barci. A 2007 Guy Montgomery da abokan aikinsa a New York sun buga sakamakon gwaji a kan mata 200 da za a yi wa tiyatar nono. Waɗanda aka yi wa zaman hifnosis na minti 15 kafin a shiga da su sun bayar da rahoton ƙarancin zafi da tashin zuciya da gajiya da damuwa, idan aka kwatanta da waɗanda aka zauna da su aka yi hira kawai. Akwai kuma binciken da ya bayyana yadda abin yake aiki. A 1997 Pierre Rainville da tawagarsa a Kanada sun sa mutane tsoma hannu a ruwan zafi ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Da aka gaya musu cewa zafin ba zai dame su ba, sai ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da dacin ciwo ya rage aiki, shi kuwa ɓangaren da yake sanar da mutum cewa hannunsa na cikin ruwan zafi bai sauya ba. Wato jin ciwo daban, wahala da ciwo daban, kuma kalma tana iya taɓa ta biyun.

Wannan bambanci shi ne ya sa dabarar take da abin cewa a matsalolin zuciya. Mai fargaba yakan wahala ne da abin da bai faru ba tukuna. Zuciyarsa tana haska masa hoton faɗuwa ko kunyata ko mutuwa, jikinsa kuma yana amsawa kamar abin ya auku, gumi ya karyo, numfashi ya sarƙe, ciki ya ɗuri ruwa. A iya cewa ya riga ya ƙware wajen cusa wa kansa tunani, sai dai tunanin mai cutarwa ne. Mai jinya nagari yana ɗaukar wannan baiwa ya juya akalarta. Yakan sa mai tsoron hawa jirgin sama ya bi tafiyar a zuci daki-daki, daga ɗaure jaka har zama a kujera, alhali jikinsa a kwance yake, ya maimaita har hoton ya daina tayar masa da hankali. Sannan ya koya masa yadda zai riƙa yi wa kansa a gida, wanda a ganina shi ne mafi daraja a cikin aikin duka, domin yana rage dogaro da mai jinyar.

Misalin da ya fi burge ni na ciwon hanji ne da likitoci ke kira IBS, mai zuwa da murɗawar ciki da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida, wanda damuwa take ƙara rura shi. A 1984 Peter Whorwell, likitan ciki a Manchesta, ya buga a mujallar Lancet gwajin da ya yi da marasa lafiya 30 waɗanda magani ya gaza a kansu, aka ga sauƙi mai yawa ga waɗanda aka yi wa hifnosis da aka tsara musamman domin hanji. Gwajin ƙarami ne, amma wasu sun biyo baya, har a 2008 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sanya wannan hanya cikin abin da za a iya duba wa wanda ya shafe wata 12 yana shan magani bai samu sauƙi ba.

Sai dai a lura da wani abu. A 1995 Irving Kirsch da abokan aikinsa sun tattara bincike 18 da suka kwatanta jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, ita kaɗai, da kuma ita ɗin idan an ƙara mata hifnosis. Sun tarar ƙarin ya inganta sakamako. Masu tallar hifnosis suna son ambaton wannan bincike, amma sukan tsallake abin da yake nufi: a dukkan gwaje-gwajen akwai ingantacciyar jinya a ƙasa, hifnosis ɗori ce a kanta. Ba ta maye gurbin komai ba.

A wajen sauya ɗabi'a kuwa, wanda nan ne talla ta fi yawa, hujjar ta fi rauni. Barin shan sigari shi ne babban abin da ake sayarwa, har da alkawarin zama ɗaya tak. Amma a 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci ne, ta duba gwaji 14 da suka ƙunshi mutum kusan 1,900, ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta nuna hifnosis ta fi sauran hanyoyin taimako. Wannan ba ya nufin babu wanda ya daina ta wannan hanya. Yana nufin mai son dainawa bai kamata ya ajiye magungunan rage ƙishirwar nikotin da shawarwarin ƙwararru ba saboda wani ya yi masa romon baka. Cizon farce da fitsarin kwance da rage ƙiba su ma ana gwada ta a kansu, amma yawancin binciken ƙanana ne. Shi kuwa ciwon damuwa mai tsanani, wanda yake kai mutum ga tunanin halaka kansa, wurinsa gaban likita ne ba tare da jinkiri ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana gargaɗin cewa mai taɓin hankali irin na jin muryoyi ko ganin abin da babu, da masu wasu nau'o'in matsalar ɗabi'a mai zurfi, su guji hifnosis domin tana iya tsananta musu.

Haɗarin da na fi jin tsoro na tono abin da ya wuce ne. Mutane da yawa sun yarda cewa ƙwaƙwalwa kamar na'urar ɗaukar bidiyo take, komai yana ajiye, hifnosis kuma ita ce mabuɗin da zai fito da abin da aka manta. Ba haka take ba. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi, kuma yanayin da yake sa zuciya ta karɓi maganar “zafin zai ragu” shi ne dai yake sa ta karɓi maganar “wani ya cuce ka kana yaro”. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry sun gwada mutum 27 masu saurin nutsewa. Suka mayar da tunaninsu zuwa wani dare na makon da ya gabata, suka tambaye su ko wata ƙara ta tashe su daga barci. Bayan an gama, 13 daga cikinsu sun ce lallai ƙarar ta faru, wasu ma suka dage a kan haka bayan an bayyana musu cewa cusa musu aka yi. Abin tashin hankalin shi ne hifnosis tana ƙara wa mutum yaƙini ba tare da ta ƙara masa gaskiya ba, sai ya rantse da zuciya ɗaya a kan abin da bai taɓa faruwa ba.

An ga sakamakon haka a Amurka a shekarun 1980 da 1990, lokacin da wasu masu jinya suka riƙa “tono” wa mutane labaran cin zarafi, iyalai suka watse, aka kai iyaye kotu, daga baya wasu masu zargin suka janye har suka kai masu jinyar ƙara. Cin zarafin yara abu ne da yake faruwa da gaske, kuma irin wannan aikin ganganci ya cutar har da waɗanda abin ya same su, domin ya jefa shakku a kan maganarsu. Tun 1985 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta bayyana cewa abin da aka tuna ta hanyar hifnosis bai fi tunawa ta yau da kullum inganci ba, yana ma iya gaza ta. Jihohi da dama sun taƙaita karɓar irin wannan shaida, kuma jihar Teksas, wadda 'yan sandanta suka daɗe suna amfani da dabarar a kan shaidu, ta haramta shigar da ita shari'ar laifuka a 2023.

Duk wannan yana dawo da mu ga hannun da yake riƙe da sirinjin. Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da amfani da hifnosis a jinya tun 1955, amma har yau a ƙasar doka ba ta wajabta wa mai kiran kansa ƙwararre a fannin ya mallaki wata shaidar karatu ba, kuma haka abin yake a ƙasashe da yawa. Koyon yadda ake nutsar da mutum ba ya ɗaukar lokaci, ana iya samunsa a kwas na 'yan kwanaki a intanet. Abin da yake cin shekaru shi ne sanin cewa wannan bugun zuciyar na fargaba ne ko na ciwon maƙoƙo, wannan ciwon cikin na damuwa ne ko alamar wata cuta da take buƙatar gwaji, wannan rashin barcin kuma ko farkon wani taɓin hankali ne. Akwai wata ƙa'ida da ta shahara tsakanin masanan fannin, cewa wanda bai cancanci ya yi jinyar wata matsala ba tare da hifnosis ba, bai cancanci ya yi jinyarta da hifnosis ba. Don haka kafin mutum ya zauna a kujerar kowa, ya tambaye shi ko shi likita ne, ko likitan haƙori, ko ma'aikacin jinya, ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, wace hukuma take sa ido a kansa, zama nawa yake hasashe, kuma me zai yi idan ba a ga sauyi ba. Idan ya ce a ajiye maganin da likita ya rubuta, ko ya ce zai binciko wani sirri da yake binne a ƙuruciya, to a tashi a nemi wani.