A Ingila Ma Arewa Aka Yanke

Duk wanda ya taso daga Landan a jirgin ƙasa ya doshi Birmingham, gab da shiga tashar New Street in ya leƙa taga ta hannun dama zai ga wani makeken fili da aka killace. Ginshiƙan kankare ne jere kamar ba za su ƙare ba, ga injinan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama, ga ma'aikata da riguna ruwan lemo da hulunan kwano suna kai da kawowa ko ana ruwa ko ana sanyi. A gefe guda akwai wani tsohon gini na dutse mai ginshiƙai huɗu, wanda aka gina tun 1838, lokacin da jirgi ya fara haɗa Landan da wannan gari. Wurin shi ne Curzon Street, kuma nan ne za a yi tashar sabon jirgi mai gudun tsiya da ake kira HS2. An tsara shi zai iya gudun kilomita 360 a sa'a, ya mayar da tafiyar sa'a ɗaya da minti 20 zuwa minti 49. Tun 2009 ake maganarsa, majalisa ta amince a 2017, aka ce za a fara hawa a 2026. Yau ko sanda ɗaya ta dogo fasinja bai taka ba, kuma a watan Yunin 2025 ministar sufuri Heidi Alexander ta faɗa wa majalisa cewa ko 2033 ɗin da aka koma faɗa ba za ta yiwu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da aka yaɓa mini a wurin aiki, wadda har yanzu ba ta sake ni ba. Ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi. A ƙarshen 2024 labari ya fita cewa an kashe sama da fam miliyan 100 wajen gina wata rumfa mai tsawon kusan kilomita ɗaya a kan layin, a gefen wani daji a Buckinghamshire, don kada jirgi ya riƙa buge jemagu. Muna ɗakin shan shayi tsakar dare, wata abokiyar aikina, Baturiya, dattijuwa, wadda muke mutunci sosai, ta karanta labarin a wayarta. Sai ta ajiye kofi ta ce, "Shi ke nan, mun koma Afirka." Ta ɗago ido muka haɗa, fuskarta ta yi ja, ta ce ba da ni take ba. Na ce ba komai. Amma wallahi akwai komai, don na gama aikin daren nan ƙirjina a cushe.

Ba mugunta ta yi nufi ba, na sani. Haka kawai yake zaune a kan mutanen nan: in aka ce ɓarnar dukiyar gwamnati, in aka ce aikin da aka fara aka kasa gamawa, sunan nahiyarmu ne ke fara zuwa bakinsu. To amma a tsaya a duba. Wane ne a Afirka ya gina wa jemage rumfar fam miliyan 100? Shugaban kamfanin HS2 na lokacin, Jon Thompson, shi da bakinsa ya fallasa maganar, ya kuma ce sai da suka nemi izini iri-iri har 8,276 daga hukumomi kafin su iya aikin. Wannan cutar tasu ce, ta gida, ba daga wurinmu suka ɗauko ta ba. Layin ya ratsa tsaunukan Chiltern, yankin masu hannu da shuni waɗanda 'yan majalisarsu ke da baki a jam'iyyar Conservative, sai aka dinga nutsar da shi ƙarƙashin ƙasa don kada ya ɓata musu gani ko ya dame su da ƙara. Rami ɗaya kawai a can ya kai kilomita 16. Kowane ƙorafi aka kawo sai a sake zane, kowane sabon zane sai kuɗi ya hau. Da farko an ce fam biliyan 33 za su gina layin gaba ɗayansa har Manchester da Leeds a arewacin Ingila. A farkon 2024 Thompson ya ce guntun Landan zuwa Birmingham shi kaɗai zai iya cin biliyan 66.

Kuma da ta san abin da ke faruwa a Afirkan da ta ambata, da ba ta faɗa ba. Maroko ta buɗe nata jirgin, Al Boraq, a watan Nuwamban 2018. Yana gudun kilomita 320 a sa'a tsakanin Tanja da Kenitra, ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasablanka daga kusan sa'a biyar zuwa biyu da minti goma. Su ma an yi musu surutu, an ce ƙasar da ke da ƙauyuka babu asibiti me za ta yi da jirgin alfarma. Suka toshe kunne suka gama, yanzu ma sun kama miƙa shi zuwa Marrakesh. Alhazanmu kuwa ba sai an ba su labari ba, da yawa sun hau jirgin Haramaini daga Makka zuwa Madina, kilomita 450 cikin sa'a biyu da 'yan kai, tafiyar da a da ake wuni a mota. Japan ta yi nata tun 1964, Faransa 1981, Sifaniya 1992. Ingilar da ta koya wa duniya jirgin ƙasa, abin da take da shi na irin wannan layi ɗaya ne tak, wanda ya tashi daga Landan ya shiga ramin teku zuwa Faransa.

Yanzu ga ainihin gardamar da ake yi a nan, a rediyo da jaridu da cikin bas: wai shin ana ma bukatarsa? Masu cewa a'a hujjarsu ɗaya ce suke ta juyawa, cewa don a rage minti talatin ba a kashe wannan uban kuɗi, musamman yanzu da mutane ke taro ta intanet daga gida. Ni kuwa na ce duk mai wannan magana bai taɓa tsayuwa a tashar Euston ta Landan da yammacin Juma'a ba. Ɗaruruwan mutane tsaye, jaka a kafaɗa, kowa ya ɗaga kai yana kallon allo. Da zarar lambar dandamali ta fito sai ka ga an kwasa a guje, masu kwat da masu tura keken jarirai, don wanda ya makara a tsaye zai tafi, ko ya zauna a ƙasa kusa da ƙofar bayi. Ga tikitin da tsada kamar me, in ba ka saya da wuri ba. Matsalar ba gudu ba ce, wuri ne ya ƙare. Tsohon layin da ya tashi daga Landan ya bi ta yamma har Glasgow, a kansa jirage masu nisan zango suke bi, a kansa masu tsayawa kowace ƙaramar tasha suke bi, a kansa na dakon kaya suke bi. Ka ɗauka titin Zariya ne aka matse shi hannu ɗaya, tirela da a-daidaita-sahu da motar asibiti duk a layi guda, mai sauri ba ya iya wuce mai nawa. In aka kwashe masu gudu aka ba su hanyarsu, sai tsohon layi ya samu sarari: ƙananan garuruwa su samu ƙarin jirage, kaya su sauka daga kan manyan motoci su koma tarago. Wannan ita ce hujjar gaskiya, amma 'yan siyasa suka yi shekaru suna tallar minti 49, har mutane suka ɗauka abin wasan attajirai ne.

Ban ce masu adawa ba su da abin faɗa ba. An sare tsofaffin dazuzzuka. An tono dubban kaburbura a Park Street nan Birmingham da kuma kusa da Euston, abin da ni a raina bai kwanta mini ba ko kaɗan, ko da an ce an sake binne su da mutunci. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, in aka ambaci jirgin nan sai ta kau da kai, don an sayi gonar danginta dole a Staffordshire, arewa da Birmingham. Sannan mutanen Liverpool da Bradford da Hull sun daɗe suna cewa su abin da ya dame su jirgin da zai haɗa garuruwansu da juna ne, ba wanda zai ƙara kai su Landan ba. Duk na ji. Amma ba a taɓa shimfiɗa dogo a duniya ba tare da an taɓa gonar wani ba, har da wanda suke hawa yau suna alfahari da shi.

Inda aka yi abin kunya shi ne wajen yanka. A Nuwamban 2021 gwamnatin Boris Johnson ta datse reshen da zai je Leeds. A ranar 4 ga Oktoban 2023 Rishi Sunak ya tsaya a taron jam'iyyarsa ya soke reshen Manchester, kuma a cikin garin Manchester ɗin ya yi wannan sanarwa. Ya ce za a karkatar da fam biliyan 36 zuwa wasu ayyukan sufuri. To ka ji fa. An tallata aikin da sunan za a ɗaga arewacin Ingila, garuruwan da masana'antunsu suka mutu, a rage ratar da ke tsakaninsu da Landan. Aka fara gini daga kudu, aka zuba kuɗi a ramukan kudu don jin daɗin mutanen kudu, da aljihu ya yi zafi sai aka ce wa 'yan arewa su yi haƙuri. Ita kuwa gonar tsohuwar nan an riga an karɓe ta, a kan layin da ba za a gina ba.

A nan ne abin ya daina zama labarin Turawa a wurina. Ni ɗan Katsina ne, goggona tana aure a Maraɗi, rabin danginmu suna tsallaken Jibiya. Ranar da Buhari ya ƙaddamar da aikin gina layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina, kun dai tuna irin surutun da aka yi. Wai an ci bashi za a gina wa wata ƙasa jirgi. Wai me ake da shi a can da za a ɗauko. Masu faɗar haka ba su taɓa ganin layin tireloli a kan iyaka ba, ba su san kasuwar Dawanau ba, ba su san wake da albasa da dabbobin da ke ratsa hanyar nan kullum ba, ba su san fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin ta kafin a ja layin da ya raba mu ba. Ɗan guntu ne ma na layin ke cikin Nijar, sauran duk a ƙasarmu yake. Tambayar ita ce dai wadda nake ji a nan: ana bukatarsa kuwa? Kuma a can da nan, wanda ke yin ta shi ne wanda nasa ya riga ya samu.

Mu ba ma jirgi mai gudun 360 muke roƙo ba. Jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru, daga baya Maiduguri a 1964. Shi ya kwashe dalar gyaɗa ya kai teku. Iyayenmu sun hau shi, mu muka tashi muka tarar da tashoshi sun zama wurin shanya da kiwon awaki. Da aka buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, kowa ya ga abin da ya faru: manya da ƙanana suka bar titi saboda masu garkuwa, ana rububin tikiti a Rigasa da Idu. Har aka kai ranar 28 ga Maris 2022 da aka dasa masa bam aka kashe mutane aka kwashe sama da sittin zuwa daji, wasu sai a Oktoba suka ga gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk da haka da aka dawo da shi a Disamba mutane suka koma, don ba su da zaɓi. Mutumin da ya san wannan, ka zo kana yi masa lissafin minti talatin, ai ba zai ma gane me kake cewa ba. Nan mutum yana fushi don jirginsa ya yi lattin minti ashirin, ya cike takarda a waya a mayar masa da wani abu daga kuɗinsa. Mahaifiyata kuwa in za ta je asibiti Kano daga Katsina, ni da nake nan ba na samun sukuni sai ƙanena ya kira ya ce sun sauka lafiya.

Shi ya sa tsorona ba Curzon Street ba ne. Su ko an jima ko an daɗe za su gama nasu guntun, an ma amince a 2024 a haƙa ramin da zai kai shi Euston. Tsorona kada a yi mana irin ta Manchester: Legas zuwa Ibadan ya tashi tun 2021, Abuja zuwa Kaduna yana aiki, sai a zo kan Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi a ce kuɗi sun ƙare, a bar mana tudun jar ƙasa da gadoji babu dogo, bayan an karɓi gonakin mutane. 'Yan majalisarmu na Kano da Jigawa da Katsina, wannan ne abin da ya kamata su riƙa tambaya duk lokacin kasafin kuɗi, da sunan tasha da ranar gamawa, ba a bar shi sai an zo kamfe ba.

'Yan uwa da ke Kazaure da Daura da Jibiya, don Allah wanda ya bi ta wajen aikin ya ɗauko mana hoto ya turo. Ina so in ga inda aka shimfiɗa ƙarfe da inda har yanzu share fili kawai aka yi, don abin da nake karantawa daga nan duk na bakin jami'ai ne.