Sunan Montessori a jikin allo ba shi ke rainon yaro ba

Iyaye 'yan'uwana na Nima, Mamobi, Fadama da Madina a yankin Accra na Ghana, ku ba ni aron hankalinku. Lokacin neman wa yara makaranta ya zo, kuma tambayar da ke yawo a tsakaninmu ita ce: wacce ta fi, Montessori, ko KG (ajin share fagen shiga firamare) ta gwamnati, ko wadda ake haɗa boko da Arabiyya? A ganina sunan da ke allon ƙofa ba shi ne abin dubawa ba. Malamar da za ta wuni da ɗanki ita ce abin dubawa, sai kuma abin da mu iyaye muke matsa mata ta yi.

Maria Montessori likita ce 'yar Italiya. A 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan leburori waɗanda iyayensu ke fita nema tun da safe. Wato tsarin ba a gidan masu hali aka haife shi ba. A ajin da ke bin sa da gaske, yara daga shekara 3 zuwa 6 a haɗe suke. Kayan aiki na jere a kan kanta daidai tsayin yaro. Shi zai ɗauko abin da yake so, ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya yi ta zuba ruwa daga buta zuwa kofi ba tare da ya zubar ba, ko ya riƙa bin haruffa masu kaushi da ɗan yatsa, har kusan awa uku ba mai katse shi. In ya gama ya mayar da kayan inda ya ɗauko. Malama ba ta cika surutu ba, kallo take yi, ta san inda kowane yaro ya kai.

Amma sunan ba mallakin kowa ba ne. Duk mai fenti zai iya rubuta shi. Idan kin leƙa kika ga yara cunkushe a benci suna rera A B C da baki ɗaya, malama riƙe da tsumagiya, to kuɗin suna kawai za ki biya.

Akwai wasu tsare-tsaren da za ku ji ana ambata. Waldorf, wanda Rudolf Steiner ya fara a Stuttgart ta Jamus a 1919, ba ya fara koyar da karatu sai wajen shekara 7. Kafin nan tatsuniya ce da waƙa da aikin hannu. Na Reggio Emilia, shi ma daga Italiya, yana gina darasi ne a kan tambayoyin yaran da kansu. Suna da saɓani, amma duk sun yarda cewa ƙaramin yaro da hannunsa da bakinsa da wasa yake koyo.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba, Ghana ma a takarda nan ta dosa. Tun 2007 aka shigar da shekara biyu na KG cikin ilimin tushe, kuma manhajar da aka fito da ita a 2019 ta ce a koyar da 'yan KG ta hanyar wasa. Hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta hana dukan yara a makaranta tun 2017. Ciwon makarantun gwamnati shi ne cunkoso da ƙarancin kayan aiki, wannan ba a ɓoye yake ba.

Wani bincike da aka yi tsakanin 2015 da 2016 a makarantu 240 na yankin Accra, na gwamnati da masu zaman kansu, shi ya fi tsaya mini a rai. An horar da malaman KG kan koyarwa ta wasa da tarbiyya ba da duka ba, yaran kuma suka ci gaba. Amma a makarantun da aka ƙara da kiran iyaye taro don a wayar musu da kai, ribar da yaran suka samu sai ta zube. Wannan ya kamata ya dame mu. Mu ne muke tsayawa a ƙofa muna cewa, "Madam, me ya sa yau ba a ba shi aikin gida ba? Kuɗi fa muke biya." Na ga yarinya 'yar shekara uku bayan isha'i, barci na fizgarta, uwar ta damƙe mata hannu a kan fensir sai ta cika shafi da lambobi. Hawaye na ɗiga a kan takardar, uwar kuma tana ganin gata take yi mata. Mai makaranta ɗan kasuwa ne. Abin da iyaye ke yabawa shi zai sa malamansa su yi.

Ga kuma harshe. Yaronmu yana jin Hausa a gida, Ga ko Twi a titi, Turanci a aji, Larabci wurin malam. Hausa ba ta cikin harsunan da aka amince a koyar da su a makarantun ƙasar nan, don haka ɗan Zango yakan shiga aji ba mai jin kukansa da harshen uwarsa. Ku tambaya ko akwai malama ko mai raino da ke jin Hausa, ku tambaya me ake yi wa yaron da ya yi ta a aji. A gida kuma kada a daina yi masa Hausa don wai Turancinsa ya gyaru. Yaron da ya iya ba da labari tiryan-tiryan da harshen gida ba ya shan wahalar ɗaukar wani.

Kada kuma mu raina makarantar allo. Manya da ƙanana a wuri ɗaya suke, babba na biya wa ƙarami, kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Wannan bai yi nisa da abin da Montessori ta gano ba. Bulala ce kaɗai nake roƙon malamanmu su ajiye.

Kafin ku biya ko sidi ɗaya, ku je makarantar da hantsi ba tare da kun sanar ba. Ku nemi a bar ku ku zauna a bayan aji. Ku duba ko malama na durƙusawa in za ta yi wa yaro magana, da abin da take yi in wani ya jiƙa wandonsa. Ku leƙa banɗaki da wurin wanke hannu. Ku nemi ganin lasisin NaSIA, hukumar da ke duba makarantu. Sannan ku tambayi malamar kanta, ba mai makaranta ba, tun yaushe take wannan aji, domin inda albashi bai taka kara ya karya ba malamai ba sa daɗewa, yaro na fara sabawa da wata sai ya tarar da baƙuwar fuska.