Gwangwanayen Inna guda biyu

Yau kwana arba'in da rasuwar kakata, wadda duk unguwarmu a cikin birnin Kano ke kira Inna. Tun ranar uku nake son yin wannan rubutu, da na ɗauki waya sai hawaye su hana ni. Abin da ya zaburar da ni yau shi ne na sake cin karo da sanarwar da wani ɗan'uwanmu ya saka a Facebook ranar da ta rasu: Allah ya yi wa mahaifiyar Alhaji wane rasuwa, ta bar 'ya'ya bakwai da jikoki da dama, jana'iza bayan la'asar. Shi ke nan. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, amma wallahi raina ya sosu. Matar da rabin samarin layinmu ita ta yanke musu cibi, a ce duk tarihinta shi ne ta haifi Alhaji wane?

A ɗakinta na tashi, kishiya take kirana kamar yadda kaka ke tsokanar jika. In aka buga ƙofa tsakar dare, Inna ba ta tambayar wane ne. Tambayarta ɗaya ce: "Haihuwa ce ko rasuwa?" A saman kabad ɗinta akwai gwangwanayen madara guda biyu. Ɗaya da sabuwar reza da zare da sabulu. Ɗayan da garin magarya da kafur da turare. Amsar da aka ba ta ita ke nuna wanda za ta ɗauka. Ta yafa mayafi, ta ɗauki tocila, ta ce in ja ƙofa. Wani lokaci sai bayan asuba za ta dawo, ƙafafunta sun kumbura, ta yi salla a zaune. Abin da take samu bai wuce sabulu da turmin zane ranar suna ba, a gidan da suke da hali. Gidan da babu, ita ke kai musu gero a dama wa mai jego kunu.

Kuma ta san iyakarta, abin da ba kowace ungozoma ke da shi ba. Da ta ga jini ya ɓalle ko naƙuda ta yi tsawo, sai ta ce a nemo mota a tafi Asibitin Murtala. Na taɓa jin ta a zaure tana faɗa da wani magidanci da ya ce a ƙara haƙuri zuwa safe. Ta ce masa, "Malam, ranar da ka yi naƙuda sai ka koya mini haƙuri. Yanzu dai tashi ka nemo mota." Ya tashi kuwa. Ita ta kwana a kan benci har aka fito da matar.

Kada in mai da ita waliyyiya. Inna akwai faɗa, bakinta kamar reza, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda cewa ruwan wankan jego mai ƙuna da kunun kanwa na iya taɓa zuciyar mace ba, duk da likitoci sun daɗe suna faɗa. Mun sha yin musu, ta ce ɗiyar jiya ce zan koya mata jego.

Amma a kan allurar shan inna, ta tsaya inda maza da yawa suka kasa. Wanda ya yi wayo a 2003 ya san yadda aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin an sa maganin hana haihuwa a ciki, sai a 2004 aka ci gaba. Gwamnati ta janye dakatarwa, zargin kuwa ya zauna daram a cikin gidaje shekara da shekaru. To wa zai shiga gidan da aka rubuta "Ba shiga" a zaurensa? 'Yan matan da ke ɗauke da akwatin sanyi ana rufe musu ƙofa, ana ɓoye yara a ƙarƙashin gado. Inna ce ke shiga gaba. Ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta tambayi jego da miji, sannan ta ce a fito mata da jikokinta. Wa zai hana matar da ta karɓi haihuwar yaron ta gan shi? A ɗiga masa, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a rubuta da alli a bango, a wuce gida na gaba. Ranar 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, na ga manya cikin manyan riguna ana yaba musu a talabijin. Sun cancanta, ban hana ba. Na shiga na gaya wa Inna, ta ce "Alhamdulillahi", ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Abin da ke damuna ke nan. Irin su Inna a wurinmu "ba sa aiki". Haka ake rubutawa a takarda: matar gida. Ita ce uwar adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin kwabo ya ɓata ba, ita ke mayar da mai yaji ɗakinta, ita ke riƙe marayan da dangi suka yi ta turawa juna. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinsu, waɗanda ake kira jaji, malfa su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba, ban da siyasar NEPU da ɗaurin da ta sha, gidanta a Zariya cike yake da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Waɗannan an rubuta su, har akwai asibiti da sunan Gambo. Dubban da ke cikin lunguna kuwa, sai ranar gaisuwa za ka ji ana "ai ta yi wa mutane hidima", a shafa fatiha, a raba ƙosai, a watse.

Mu da muka yi boko laifinmu ya fi yawa, da ni a ciki. Muna da digiri, muna da ƙungiyoyi masu rajista, in za mu raba buhun shinkafa goma sai mun kira mai hoto. Shekara nawa ina kwana ɗaki ɗaya da Inna, ban taɓa ce mata ta tafi da ni in ga yadda ake yi ba. Tsoron gawa nake, ita kuma ba ta matsa mini ba.

Sati biyu bayan rasuwarta, wata maƙwabciyarmu ta rasu da hantsi. Gida cike da mata, da malaman makaranta da ma'aikatan banki, aka rasa mai wanka. Kowa na kallon kowa. Sai da aka tura yaro a babur wata unguwa ya ɗauko wata tsohuwa, jana'izar da aka sa azahar ta koma la'asar. Da ta iso ta tambayi magarya da kafur, babu. Ni na ruga gida na sauko da gwangwanin Inna, da sauran garin a ciki. Na miƙa mata a bakin ƙofa zan juya, ta riƙe hannuna ta ce, "Ina za ki? Shigo ki zuba mini ruwa."